Fitilar Na-Ƙarshe

Inna ba ta shiri da ruwa. Ruwan sha da na wanki ba laifi, amma duk ruwan da ya fi ƙarfin bokiti ta bar wa masu shi. A garin da aka haife ta rijiya ce babban ruwa, ita ma da murfinta. Sai Allah ya haɗa ta da mai fito, mutumin da ke wuni yana kai jama'a da kayansu daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan a jirgi mai inji. Ranar da aka kawo ta gidansa ta fara shiga jirgi, ta rungume sandar rumfa ido a runtse har aka ƙetare. Ƙafarta na taɓa ƙasa ta rantse ita da jirgi har abada. Yau ga ta da jikoki, ba ta karya rantsuwar ba.

Mijin nata, Na-Ƙarshe ake ce masa a tashar jiragen ruwa, don kullum jirginsa ne na ƙarshen dawowa bayan faɗuwar rana. Ba ya iya barin mutum a gaɓa. Ko ya tayar da inji, in ya hango wata tsohuwa tana ɗingiso da ƙunshi a ka, sai ya kashe ya jira ta. Inna ta yi masa faɗa a kan wannan hali har bakinta ya gaji.

Abu ɗaya yake tinƙaho da shi a gaban abokan sana'a. Duk sa'ar da ya sa ƙafa a gida, da wuri ko a makare, daidai nan tukunya ke sauka daga wuta. "Matata jikinta ke gaya mata ina tafe," in ji shi, kuma ya faɗa har 'yan tasha sun haddace. In maganar ta dawo kunnen Inna sai ta taɓe baki ta ce, "Ni ina na ga lokacin lura da zuwansa? Dacewa ce kawai."

Ƙarya take yi, Allah ya yafe mata. Tagar kicin ɗinta kogi take kallo, kuma a ƙarƙashin rumfar jirgin Na-Ƙarshe akwai ƙwan fitila irin na da, mai zare a ciki, mai haske rawaya, wanda ke ƙyafta ido saboda wayar da ya murɗa da hannunsa. Da ta ga hasken nan ya baro wancan ƙetare sai ta zuba shinkafa. Kafin ya iso, ya sauke fasinja, ya ɗaure jirgi, ya hauro gida, ta dahu.

Ba don shinkafa take tsayuwa a tagar ba. Wata damina, tana ɗauke da cikin fari, aka yi kururuwar jirgi ya kife, ba wanda ya san na waye. Ta tsaya a ƙofar gida har ya shigo jiƙe sharkaf, ashe ceto ya tsaya yi. Tun ranar, in rana ta faɗi tsoro ke kama ta, ba ya sakinta sai ta ga fitilarsa. Amma ta gaya masa? Ina! Mutumin da ko hularsa ka yaba sai duk tasha ta ji.

Da zamani ya juya, masu jirage suka koma sabon ƙwai mai tsimin wuta da ake kira LED ɗaya bayan ɗaya, kogi ya cika da farin haske. Na-Ƙarshe kaɗai ya ƙi canzawa, ya ce farin haske sai ka ce ɗakin allura. Inna ta goyi bayansa har abin ya ba shi mamaki, don rabon da su yarda a kan magana ɗaya an daɗe. Ita kuwa gaba ta kai ta: ido ya fara rauni, ga rawaya tilo a cikin farare, ko ba tabarau tana gane shi.

Sai dai tsohon ƙwan ci gare shi. Wata yamma ya shanye batir tas suna tsakiyar ruwa, inji ya mutu ya ƙi tashi. Jirgi ya fara bin kogi da fasinja cike, mata na salati, sai da wani abokin hamayyarsa ya zo ya jawo su da igiya yana ƙyaƙyata dariya. Washegari Auta ta iso da jakar kayan aikinta. Ita ce ƙaramar 'yarsu, gyaran wuta ne sana'arta, kuma ta gaji bakin uwarta.

"Baba, yau ƙwan nan zai sauka," ta ce. "Wutar da yake sha a yamma ɗaya, sabon sai ya kwana biyu bai sha rabinta ba. Kuma ba ya zafi. Ka manta ya ƙona maka hula?"

"Hular dama ta tsufa," in ji shi.

Inna ta sa baki, "Ki bar masa kayansa mana. Ba za a sake batirin ba?"

"Inna, so kike a sake jawo shi da igiya? In ranar ba kowa a kusa fa?"

Inna ta koma kan tukunyarta. Abin da take tsoro ke nan, kuma ga shi an kawo maganinsa. Auta ta tafi tasha, ta cire tsohon ƙwai, ta gyara murɗaɗɗiyar wayar, ta ɗaura farar fitila a gaban jirgi da wata a ƙarƙashin rumfa. Na-Ƙarshe da ya yi ta cika baki, yamma ɗaya ta ishe shi sauya ra'ayi. Ya dawo yana washe baki, wai yanzu ko allura ta faɗi a jirgi zai tsince ta.

Inna kuwa ta shiga uku. Ta tsaya a taga, ga fitilu nan birjik, duk farare, duk iri ɗaya. Yammar farko ta bi wata fitila ta zuba shinkafa, ashe jirgin mai yashi ne. Kafin maigidan ya shigo abinci ya sandare. Kashegari ta ce bari ta jira ta tabbatar, sai ga sallamarsa ruwa ko tafasa bai yi ba. Ya dube ta, ya dubi tukunya.

"Uwar yara, lafiya? Ko jikin naki ya daina magana?"

"Itacen ne ɗanye," ta ce, ta shiga fifita wutar da ke ci bal-bal.

Haka aka yi ta yi. Ta daina cin abin kirki, ta riƙa yi wa kaji tsawa ba gaira ba dalili. Ran nan hadari ya haɗo da yamma, iska ta taso, kogi ya yi baƙi. Ta manne da taga tana bin fitilu da ido, wannan ta wuce, waccan ta karkata, ba ta san wacce za ta yi wa addu'a ba. Ba ta ma san bakinta na motsi ba.

"Wanne ne naka, kai mutumin nan? Wanne ne a ciki?"

Sai ta ji tari a bayanta. Ta juya, ga shi tsaye a ƙofar kicin da takalmi a hannu. Ganin hadari ya sa yau ya ɗaure jirgi da wuri, abin da bai saba ba. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake tsaye a wurin.

"Akuyar maƙwabta nake dubawa," in ji Inna, tana goge ido da bakin zane. "Ta saba shigo mana."

Ya leƙa tagar. Ba akuya, ba komai, sai kogi da fararen fitilu. Ya koma ya zauna. Ya ci abincinsa rabi ɗanye, har da neman ƙari.

Da safe ɗankwalinta rawaya ya ɓata, wanda ta fi so, ta shanya shi a igiya da hannunta. Ta zazzage akwati, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta tuhumi iska, ta kira Auta a waya ta tuhume ta ita ma. Har rana ta faɗi tana mita. Ta je taga ba don tana sa ran komai ba, sai don ƙafa ta saba.

Can daga wancan ƙetare fitilu suka taso, kuma a cikin farare ga guda ɗaya rawaya. Ta ɗauko tabarau ta sake dubawa. Rawayar ɗankwalinta ce, ko a mafarki ta san ta, ashe maigidan ne ya ɗauke shi ya ɗaura a kan sabuwar fitilar. Da tsohon ƙwan ne da tuni ya babbake shi, wannan kuwa ba ya zafi. Daɗi ya kama ta har sai da ta dafa bango, ta yi dariya da hawaye, sannan ta zuba shinkafa.

Yana sallama tukunya na sauka.

"Yau dai jikin ya yi magana," ya ce, yana kallon rufin ɗaki.

"Dacewa ce," in ji ta. Ta zuba masa, ta tura kwano gabansa. "Kuma ba ka iya ɗauri ba. Gefe ɗaya fari na leƙowa."

Da sassafe 'yan tasha suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Inna ce tafe da zare da allura, ta tsaya a bakin ruwa tana harar jirgin da ke ɗaure yana lilo. Na-Ƙarshe ya ce bari ya kwance ɗankwalin ya miƙo mata.

"A jikin fitilar zan ɗinke shi, kar iska ta ɗauke," ta ce. "Riƙe min jirgin nan da kyau, Malam. In ya motsa, ni da kai ne."

Ya shiga ruwa har gwiwa ya riƙe bakin jirgin da hannu biyu. Ta yi bisimilla, ta runtse ido, ta ɗaga ƙafa ta taka.