Jega Daga Kan Dutse

A duk tarihin hawa da sauka na 'yan Adam, ban san tafiyar da aka yi wa shiri na hankali kamar wadda muka yi zuwa ƙasar duwatsu ba. Iyakar sanina, mu ne ayarin farko da ya ɗauki maɗori tun kafin kowa ya karye.

Mu mutanen Jega ba mu san dutse ba sai na niƙa. Ƙasarmu a shimfiɗe take kamar tabarma, wanda ya hau rumbu ma yakan sauko da labari. A shekarun da Nasara suke yawo da sarƙa suna auna ƙasa, wani tafintansu ya huta a rumfar kawuna a kasuwa. Ya ce akwai gari can kudu, bayan Maiyama da kwanaki, wanda yake zaune a kafaɗar dutse, kuma duk wanda ya kai ƙololuwa zai hango har Jega. Kawuna mai sayen fatu ne, a lokacin kuwa yanar ido ta fara rufe masa gani, har fata ma da hannu yake gane ta. Ya ce tun haihuwa yana cikin Jega amma bai taɓa ganinta gaba ɗaya ba, sai lungu-lungu, kuma yana so ya gan ta kafin fitilar ta mutu.

Ni ne ɗan ƙanwarsa da ya yi boko, saboda haka aka ɗora mini sanin hanya, tunda na taɓa ganin duniya a jikin takarda. Na ukunmu tsohon abokinsa ne, maɗori daga Aliero, wanda ya zo da ƙunshin karan ɗori da tsumma da man shanu.

"Kai dai fatanka in faɗi," in ji kawu, muna fita gari a kan jakuna.

"Wa ka son taɓa ƙashinka?" in ji maɗori. "Tsohon ƙashi ba ya kamu. Jakin nan ni ka tsaro."

Da kaka muka tafi, dawa ta nuna, sama ta wanke fes. Bayan Maiyama ƙasa ta fara kumbura. Ranar da muka fara hango duwatsun, kawu ya ce da la'asar za mu isa. Kwana biyu muka ƙara. Idon mutumin fili ba ya iya auna dutse, ko da lafiyarsa lau.

Har yau ina jin sanyin ruwan garin nan a haƙorana. Daga tsagar dutse yake fitowa, babu guga, babu igiya. Ɗakunan suna maƙale tsakanin duwatsu kamar sheƙar tsuntsu, gonakin kuwa hawa-hawa aka gina su da ƙananan duwatsu, kowace ba ta fi shimfiɗar sallah uku ba. Mun sauka a gidan wani Bahaushe mai sayar da gishiri, muka yi kwana uku muna koya wa ƙafafunmu tudu. Jakunan suka ga hanyar, suka yi nazari, suka ƙi.

Mai masaukinmu ya haɗa mu da wani dattijo ɗan garin, mai gona a can sama. Ya dubi kawu cikin babbar riga da rawani da takalman fata, ya juya ya shige gaba. Ya bar wa dutsen maganar. Kafin hantsi an bar rawani a gindin wata bishiya. Gaba kaɗan aka naɗe babbar riga aka cusa a kogo. Takalma su ne na ƙarshe. Kawu ya dafa kafaɗata, ina gaya masa inda zai sa ƙafa, maɗori yana biye yana haki da ƙunshinsa.

"Kawu, ku huta mana."

"In na zauna, ɗana, sai dai ku gina mani ɗaki nan. Mu tahi."

Rana tana tsaka muka kai. Iska ta cika mana kunne. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirwa: tana shawagi a ƙarƙashinmu, na ga bayanta, ni da tun tasowata cikinta kawai nake gani. Ƙasa kuwa ta tafi shuɗiya-shuɗiya har ta narke a cikin sama.

"Ɗan boko," in ji kawu, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ina take?"

Rana a kan kaina, inuwa a ƙarƙashin ƙafata, hanyar ta yi ta juya mu har ban san gabas da yamma ba. Can nesa na hango wani zare yana ƙyalli, da ɗan hayaƙi a gefensa. Na kama hannunsa na miƙa can.

Ya daɗe yana dubawa, ido yana ruwa.

"Ga gulbi nan," ya ce. "To wanga hayaƙi na mahauta ne. Ashe ƙarama ce haka."

"Hagu kaɗan Aliero ta," in ji maɗori. "Ina jin ƙamshin albasa."

"Ƙamshi! Wari dai, mutumin banza."

Suka yi ta dariya har tari ya sarƙe su. Saukowa a zaune muka yi rabinta, dattijon yana jiranmu a kowace kwana da ɗaurin itace a kai. Babu wanda ya karye. Man shanun a tuwo muka cinye shi.

Kafin damina ta zagayo idon kawu ya rufe ruf. Bai taɓa kukan rashinsa a gabana ba. Yakan zauna a rumfa yana shafa fatu, duk baƙon da ya zo sai ya ji yadda Jega take daga sama, da gulbinta da hayaƙinta, ni kuma a kira ni shaida.

Yana da shekaru a kabari lokacin da taswirar masu auna ƙasa ta iso makarantar da nake koyarwa. Na nemo dutsen, na nemo gulbin da muka hango, na aza ma'auni. Jega tana bayanmu.