Ranar da Aka Auna Toshewar Hancin Inna

Sana'ar Inna a Garwa turaren wuta ce da humra. Har daga Marwa mata ke aikowa ta haɗa musu. Ba ta awo da cokali. Tana buɗe tukunya ta shaƙa, ta san abin da ya rage a ƙara.

Hancin nan ne ya toshe. Da fari mun ɗauka mura ce, aka yi ta sirace da ganyen darbejiya. Damina ta wuce, wata ta zo, Inna tana numfashi ta baki, leɓunanta sun tsage, muryarta ta koma kamar daga cikin tulu. Ko kwanciyar rana ta gagare ta, sai dai ta jingina da bango ta yi gyangyaɗi.

Da muka ji labarin wani likitan hanci zai zo daga Yawunde ya yi aiki, na ja ta zuwa asibiti. Mutane sun yi yawa, don haka aka ce sai an fara tacewa. Wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da mu, ta ɗauko takardar tambayoyi da Faransanci. Kowace amsa lamba ce, daga sifiri zuwa huɗu. Masu babbar jimla su ne za su ga likita.

Ta juya tambayar zuwa Fulatanci, ni kuma na maimaita da Hausa: "Inna, wai toshewar ta dame ki ƙwarai?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Matar ta rubuta ɗaya.

"Barci fa, Hajiya?"

"Ana taɓawa."

Na ce, "Madam, wallahi ba ta barci. A zaune take kwana."

"Mara lafiya ce ke amsawa," in ji ta, idonta na kan takarda.

Inna ta dafa gwiwata ta matse. "Ke, rufa mini baki. Ba ki ga wanda aka shigo da shi a kan gado ba? Ni da na zo da ƙafata zan zauna ina kai ƙarar Ubangiji?"

Aka tambaye ta ko numfashi na yanke mata in tana motsa jiki. Ta yi dariya, ta ce ita ba ta buga ƙwallo. Aka rubuta sifiri. Matar da ke hutawa a tsakiyar sharar tsakar gida! Ƙanshi kuwa, babu layinsa a takardar, ba wanda ya tambaya.

Jimlarta ba ta kai ba. Aka ba mu maganin fesawa, aka kira na gaba. Ma'aikaciyar ba muguwa ba ce, har "Allah ya ƙara sauƙi" ta yi mana. Abin da aka faɗa mata ta rubuta. Amma duk wanda ya girma a gidajenmu ya san "da sauƙi" ba amsa ba ce, gaisuwa ce. Mutum na bakin mutuwa ma haka zai ce.

Likitan ya gama ya koma. Cinikin Inna ya yi ta ja baya, domin turarenta ya fara fita da ƙauri ba ta sani ba, kuma matan suna jin nauyin faɗa mata. Sai kawai suka daina aikowa. Ta raba tukwanenta ga ƙannenta.

Bayan Sallah wata maƙwabciyarmu da aka yi wa aikin ta shigo gaisuwa, tana shaƙar iska son ranta. Ta ce ita kam huɗu ta ce a rubuta mata a kowane layi.

"Ai Hajiya, da kin yi magana."

Inna ta ce in kawo wa baƙuwa ruwa. Na tashi na kawo.