Jan Ƙyallen Tsamiyar Kawu

Ni ne na kwance ƙyallen. Gara in faɗa tun farko, don duk taron kare namun daji da aka gayyace ni, sai a gabatar da ni a ce ga malamin da ya tsaya wa ungulu a Madarumfa. A tafa, ni kuma in sunkuyar da kai. Suna zaton kunya ce. Na gaji da tafin nan fiye da yadda na gaji da hanya.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mahauci ne. Muna yara, ranar kasuwa ba ka ratsa mahauta sai ka kori ungulaye da ƙafa. Suna jere a kan rumfa da sanƙonsu kamar dattawan da suka zo gaisuwar mutuwa, suna jiran a zubar da kayan ciki. In jaki ya mutu a bakin tabki da safe, kafin la'asar sai ƙashi. Ba wanda ya taɓa ce musu sannu, sunansu ma zagi ne. Na yi shekaru ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a wajen Safo, da na dawo gida na iske rumfar babu komai sai ƙudaje. Na tambaya, aka ce masu saye ne ke zuwa daga ƙetaren iyaka, kai da ƙafafu suke so, wai na haɗa magani. Yanzu dabba in ta mutu sai ta yi mako tana wari, karnuka na ja.

Abin ya tsaya mini a rai, har na shiga wata ƙaramar ƙungiya ta malamai masu yi wa mutane bayani a kan tsuntsayen tabki. Aka ba mu horo a Maradi, aka ba mu riguna masu hoton ungulu. Na bi ƙauyuka a kan moto, wato babur, har garin Sarkin Yamma, ina magana har murya ta dushe. Amsar kullum ɗaya ce: “Malam, hatsi bai kai mu ko'ina ba, kai ta ungulu kake?”

Gonar Kawu tana can bayan tabki, a tsakiyarta akwai wata tsohuwar tsamiya da aka ɗaura wa jan ƙyalle. Kowa ya san ta iskoki ce. Mata ba sa yin itace kusa da ita, makiyaya ba sa sarar reshenta, ƴaƴanta su bushe su zube ba mai tsinta. Ni kaina, da karatuna da komai, ta gefe nake bi.

Wata rana cikin sanyi gwiwa ta matsa wa Kawu, ya ce in kai shi gona. Ya hau bayana a moto da roba rufe da buhu. Da muka isa ya wuce kai tsaye gindin tsamiyar, ya juye hanji da huhu a ƙasa, ya ja ni muka koma inuwar gawo muka zauna. Ba a jima ba ungulu ɗaya ta sauko, sannan ta biyu. Na ɗaga kai na hango sheƙa can cikin rassa. Shekara nawa ina yawo da hotonta a ƙirji ban ga mai rai ba. Sai da na share ido.

Na ce, “Kawu, tun yaushe?”

Ya ce, “Tun kana Safo kana koya ma ɗiyan mutane faransanci.”

“Ƙyallen fa?”

“Guntun zanen mai ɗakina ne.”

“To iskokin?”

“Ni ban ce ma kowa akwai ba. Na ɗaura ƙyalle, mutane sunka ƙarasa zancen.”

Maimakon in gode masa, sai karatu ya motsa. Na ce wannan yaudara ce, kuma ta yi kusa da shirka. Na ce a Maradi an koya mana cewa mutane ba sa kare abin da ba su sani ba, tsoro ba ya ɗorewa, ilimi ke ɗorewa. Na yi ta zuba kamar ina gaban aji. Ya bari na gama, yana goge wuƙarsa a cinya, sannan ya ce, “Ɗan nan, bar kaza cikin gashinta.”

Ban bari ba. Na tara ƴan ƙungiya, muka sa maƙeri ya yi allon ƙarfe, aka zana ungulu, aka rubuta da Hausa da faransanci cewa wannan gida ne na tsuntsun da doka ta hana taɓawa. Muka gayyaci dattawa. A gaban kowa na kwance ƙyallen da hannuna, na ɗaga shi sama na ce babu iska ko ɗaya a itacen nan, dukiyarmu ce a kai. Aka yi dariya, aka tafa. Washegari na shiga rediyon gari na sake faɗa, har da kwatancen hanya, don wanda bai zo ba ya je ya gani ya yi alfahari. Kawu bai halarci komai ba, ya ce yana da yanka.

Ba a rufa wata ba ya kira ni a waya da hantsi. Ya ce, “Taho ka ga allonka.”

An yar da mushen akuya da guba a ciki, taku kaɗan daga gindin. Ungulayen biyu suna kwance kusa da shi, babu kai, babu ƙafafu. Ga shirwa ɗaya da kare, su ma sun ci rabonsu. An kafa ƙusoshi a jikin tsamiyar an hau, an wargaza sheƙar, ƙwan ma ba a bari ba. Allon kuwa yana tsaye ƙyam, ko ƙwarzane babu. Na kai ƙara wurin ma'aikatan gandun daji, suka zo suka duba suka rubuta. Har yau ban sani ba ko baƙo ne ya ji a rediyo, ko cikin masu tafin ne.

Da Kawu ya zage ni da na ji sauƙi. Sai da muka gama turbuɗe su, sannan ya ce, “Ina ƙyallen?”

Yana ƙarƙashin kujerar moto. Da shi nake goge inji tun ranar. Na miƙa masa, ya yi baƙi da mai. Ya kaɗe shi, ya dogara sandarsa, ya sake ɗaurawa inda yake da.

Na ce, “Kawu, ai babu sauran abin tsarewa.”

Ya ce, “An ce ungulu tana komawa gidanta na tsamiya. In wata ta biyo, ta iske gidan.”

Bayan kwana biyu na koma ni kaɗai. Na tarar da wata mata daidai ƙarƙashin ƙyallen, da gatari, ta riga ta tara dami guda na rassa. Ta gan ni ta washe baki. “Malam, Allah shi saka ma da alheri. Shekara da shekaru muna tsoron banza, kai ka buɗe muna ido.” Na ce amin. Me zan ce?

Kawu ya rasu, tsamiyar ta zama gungume. Ni kuwa har yanzu ina zuwa taro, don in na daina ban san wanda zai je ba. Bara ƙungiya ta tura ni ƙidayar sheƙar ungulu a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Wani tsoho ya raka ni, muka zo wucewa ta wata kuka, ya riƙe mini hannu ya ce kada in matsa, ta mutanen ɓoye ce. Na dubi gindinta, ga farin kashin tsuntsu ya zuba, ga baƙin gashin fiffike dogo guda biyu a ƙasa. Tsohon yana kallona, ni ma ina kallonsa. Ban ɗaga kai ba. Na ce Allah ya tsare mu da sharrinsu, na mayar da littafina aljihu, muka bi ta gefe.