Kabarin da Ya Tsaya a Gwiwa

A Las Lajas, idan mutum ya ce yana da gona, yana nufin yana da dutse da 'yar ƙura a kansa. Ƙasar ba ta wuce taƙi ɗaya ba, kana soka yatsa farcenka zai gaisa da farin dutse. Ciyawar da ke fitowa awaki kaɗai ke ganinta, su ma sai sun durƙusa. A kan wannan tudu aka haifi Eleuterio Banda, wanda kowa ke kira Telo. A nan ya tsufa yana bin awaki, a nan kuma ya gaji sana'ar da babu mai yi masa hassada a kanta, wato haƙa kabari.

Aikin ba na shebur ba ne. Telo yakan ɗauko dagin ƙarfen da ya gada wurin ubansa, ya bi maƙabarta yana ƙwanƙwasa ƙasa, kunne a karkace kamar mai satar jin hirar maƙwabta. Inda dutse ya amsa da dusasshiyar murya, akwai tsaga a ciki, zai fasu. Inda ya yi ƙara irin ta ƙararrawar coci, falale ne guda, ko jikanka ba zai ga ƙarshensa ba. In ya zaɓi wuri, kowane gida ya kawo damin itace ɗaya da bokitin ruwa ɗaya. A hura wuta a kan dutsen har ya ɗau zafi, a kwashe garwashi, a watsa ruwa, dutse ya tsage, Telo ya shiga da dagi da guduma. A sake hurawa. Ba ya fitowa sai ramin ya kai masa ƙirji, don karnukan dajin nan ba su san girman mamaci ba.

"Duk wanda na kwantar bai taɓa dawowa da ƙorafi ba," in ji shi.

Matarsa Herlinda takan amsa, "Ai da ma masu rai ne ke fama da kai."

Herlinda cukun akuya take yi, harshenta kuwa ya fi wuƙar yankan cukun kaifi. Ɗansu na fari, Anselmo, ya rasu yana da wata takwas. Telo ya sami wata 'yar tsaga a kusurwar gabas ta maƙabarta, daidai jariri, ya kwantar da shi. Tun daga ranar Herlinda ta kafa masa sharaɗi, kuma ba ta gaji da maimaita shi ba har tsufa.

"In na mutu, kusa da shi za ka sa ni. Ba kusa irin ta 'ga shi can' ba. Inda in na miƙa hannu zan taɓa shi."

Shekaru suka ja. Samari suka gangara birnin Saltillo neman aikin masana'anta, 'yan mata suka bi su, har da Obdulia, 'yar da ta rage musu. Gida sittin ya koma tara. Kunnen Telo ma ya bi sahun masu tafiya, amma ya ƙi yarda, kowa ya yi magana sai ya gyaɗa kai kamar alƙali.

Herlinda ta rasu da sassafe a watan Mayu, a shekara ta biyu da sama ta manta da tudun. Ruwan sha ma tanka ce ke kawowa, mako biyu sau ɗaya. Kafin rana ta take, Obdulia ta iso a a-kori-kurar mijinta, da akwatin gawa a baya.

"Baba, zafin nan ba zai bar mu mu jira ba," ta ce, tana ɗaga murya. "Gobe da tsakar rana, in rami bai samu ba, zan tafi da ita birni."

"Uwarki ta faɗi inda za ta kwanta."

"Na sani, Baba. Gobe da tsakar rana."

Ya saɓa dagi ya nufi maƙabarta. Onesimo, aminin da ya tsaya wa Obdulia ranar baftisma, wanda tun ranar suke kiran juna kompadre, ya biyo shi yana ɗingishi. Telo ya tsaya dab da kabarin Anselmo, ya ɗaga dagi ya saki.

Onesimo ya yamutsa fuska. "Kompadre, ba ka ji ba? Dutsen nan waƙa yake yi."

"Ni ban ji komai ba."

"Shekara biyar ke nan ba ka jin komai, shiru muka yi don kada mu ɓata maka kasuwa. Ba ni dagin nan." Ya karɓi dagin, ya bi gindin katanga yana bugawa, can ya tsaya. "Ga wuri. Taku goma sha biyu kacal. Ya amsa kamar tsohuwar ganga."

Telo ya riga ya sani. Kunne ya tafi, amma tafin hannu yana nan, kuma ya ji yadda ƙarfen ya yi rawa har kafaɗarsa.

"Taku goma sha biyu ba kusa ba ne."

"Matar da take zuwa har bakin kwazazzabo ta zage ka, taku goma sha biyu ne zai gagare ta?"

"A nan za a hura."

Gida tara suka kawo dami tara da bokiti tara, kowa yana kallon bokitinsa kamar yana sallama da ɗansa. Wutar farko ta ɓare dutsen kaurin tafin hannu. Ta biyu ma haka. Da can samari shida ke karɓa-karɓa da guduma, yanzu tsofaffi uku ne, kowa ya yi bugu biyar sai ya zauna ya tuna da ƙuruciya. Da yamma ta yi, ramin ya kai ƙwauri, itace da ruwa sun ƙare.

Washegari Telo ya ɓalle ƙyauren garken awaki, ya tuge dirkokin shinge don hura wuta, ya mirgino gangar ruwan da ya tanada wa dabbobinsa.

"Awakin fa, su sha me?" in ji Onesimo. "Kawo kayan nan gindin katanga, kompadre. Wuta biyu sun isa can."

"Na riga na ci rabin wannan."

"Rabin me? Ka san inda ya ƙare?"

Telo ya ƙyasta ashana. Wata gwauruwa, Panfila, ta zo da butar da take dafa kofi cike da ruwa, ta ajiye. Aka watsa shi duka. Dutse ya yi tsaki, ya saki ɓawo ɗaya, ramin ya kai gwiwa. Abin da ke ƙasa fari ne sumul, ko layin gashi babu. Telo ya yi ta dukansa har fatar hannunsa ta saɓule, gudumar tana tashi sama kamar an jefa ta.

Obdulia ta zo ta tsaya a bakin ramin. Inuwarta tana ƙarƙashin ƙafarta.

"Baba, ya isa."

Onesimo ya share gumi. "Mu sa ta haka mana, mu tara manyan duwatsu a kai. Ga ta ga yaron."

Telo ya daɗe yana duban ramin. Yana yaro ya taɓa raka ubansa gyaran wani kabari da aka yi wa irin wannan dabara, kuma ɓarnar karnukan da ya gani a ranar bai taɓa gaya wa kowa ba.

"A'a," ya ce. "Obdulia, jawo motar."

A baya ya zauna, hannu ɗaya a kan akwatin, awa huɗu cikin gargada. A maƙabartar birni ba a ma kai ta ƙasa ba. Wata doguwar katanga ce mai ramuka jere-jere kamar gidan tattabaru. Ma'aikata biyu suka ɗaga akwatin suka zura a jeri na huɗu, ɗaya ya hau tsani da bulo da siminti, yana fito. Minti goma aka gama.

"Ƙasar fa?" Telo ya tambaye shi.

"Ƙasa ta cika, tsoho. Nan ya fi ma, babu laima."

Ya koma Las Lajas washegari, don awaki ba su san makoki ba. Shida ƙishirwa ta kashe kafin tanka ta zo. Bai sake haƙa wa kowa ba, ba a kuma nema ba, duk wanda ya mutu bayan nan birni aka kai shi.

Sau biyu ya je ganin Herlinda a shekara ukun da suka rage masa. Bai iya karatu ba, don haka ya haddace wurin: jeri na huɗu, rami na goma sha bakwai daga famfo. A zuwa na biyu ashe an matsar da famfon. Obdulia ta tsaya sayen furanni a ƙofa, ta iso ta tarar da shi hula a hannu, kai a ɗage, yana ba wani mamaci, direban babbar mota, labarin akuyar da ta haifi tagwaye da rufin ɗakin da iska ta yaye. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta kama gwiwar hannunsa ta matsar da shi gefe kaɗan.

"Nan ce, Baba."

Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya faro labarin daga farko.