Igiyar da Baba Ya Ɗaura Mini

Jiya wani ya jiƙa igiyar rama a bayan ɗakina, warinta ya shigo ta taga, sai ga ubana tsaye a idona, bakin kogi, wando naɗe har gwiwa. Ku matso in faɗa muku yau, don ban san ko gobe zan iya tunawa ba.

Ubana sojan ruwa ne. Zamanin Faransa aka kwashe shi yana saurayi aka kai shi Dakar, ya yi shekaru cikin jirgin yaƙi, kan ruwan gishiri wanda ba a hango gaɓarsa. Duk Gaya ba wanda ya ga abin da ya gani, ni kuwa ɗiyarsa ce, ba na faɗin haka da ƙaramar murya. Ya dawo da hula mai jan tuntu, da tabon ƙuna a damtse, da hannun da ya san igiya fiye da kowa. Matalo ake ce wa irinsu a can, shi kuma ya liƙa mini sunan.

Inna ta rasu ina ƙarama, ƙanena na goye. Baba bai miƙa mu ga kowa ba. Shi ke dama mana kunu, shi ke mini kitso. Kitson kuwa, sai mata su tsayar da ni a hanya su yi ta dariya, wai an yi wa kaina ɗaurin jirgi.

Kowace damina kogi sai ya ci yaro a unguwarmu. Baba ya ce nasa ba za a ci ba. Ya kai ni mashaya, ya zagaya mini igiya ƙarƙashin hamata da wani ƙulli da ya koyo a jirgi, wanda komai jan da aka yi ba ya matsewa, ba ya kuma zamewa. Ɗaya bakin ya ɗaura a ƙugunsa. Mata masu wanki suka ce, "Tsohon soja, akuya ka kawo shan ruwa?" Ya ce, "Akuyar nan ita za ta tsamo 'ya'yanku." Sannan ya durƙusa ya ce mini, "Matalo, in kin ji tsoro, ja sau biyu. In kin ji na ja sau biyu, ina nan." Na sha ruwa har cikina ya kumbura, na yi kuka, amma ban taɓa jan igiyar nan ta yi shiru ba. Ko sau ɗaya.

Allah ya ba shi tsawon rai. Ya binne sa'o'insa kaf, ya ga furfura a kaina. Ido ya fara tafiya, sai hankali ya bi. Gida ya koma masa jirgi. Da safe ya kan lalubi tsintsiya ya yi ta goge tsakar gida, in ya ji ƙarar ruwa kuma sai ya miƙe ya nufi kogi, gidanmu kuwa daga ƙofa kana hango jiragen Sarkawa. Mijina ya riga ya rasu, na tattara na dawo gida.

Matar ƙanena ta ce mu yi masa zarge a ƙafa, mu ɗaure a gindin mangwaro. Na yarda, Allah ya gafarta mini. Kafin la'asar idon sawunsa ya kumbura. Na same shi tsaye, ƙirji a gaba, hannu a goshi, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Kaftin, me na yi?" Da wuƙar yanka kifi na yanke igiyar.

Daga ranar na yi masa nasa ƙullin a ƙugu, ɗaya bakin a nawa. Damina uku muna haka. Ina daka da igiya, ina tuwo da igiya, ina salla da igiya. Sai in ji ya ja sau biyu, in ja sau biyu, ya yi murmushi ya ce, "Matalo na nan." Ku sani fa, ƙullin nan da babban yatsa ɗaya zai iya kwance shi, shi ya koya mini. Bai taɓa kwancewa ba, muddin an amsa.

Lokacin jan ruwan damina, kogi ya cika har ya taɓa katangar maƙwabta, aka aiko daga Tunuga cewa ɗiyata kwana biyu tana naƙuda, abu ya ƙi. Ku gaya mini, wace uwa za ta zauna? Na kwance bakin igiyata na ɗaura wa matar ƙanena. Na ce, "In ya ja biyu, ki ja biyu." Ta yi dariya ta ce, "To Yaya, yau ni ce akuyar." Ba mugunta gare ta ba. Kifi gare ta a kan wuta, igiya na harɗe mata ƙafa, sai ta ɗaura a mangwaro, ta ce yanzu za ta dawo.

Bayan azahar ya ja. Itace ba ya amsawa. Ta ce daga madafa ta hango shi yana ja, yana tsayawa, yana sake ja, ta zaci wasa yake. Da ta fito, igiya na ƙasa a naɗe tsaf, yadda suke naɗewa a jirgi.

Sarkawa suka same shi cikin ruwa har ƙirji, makaho, yana lalube da hannu biyu, yana ihu, "Matalo! Kama hannuna!" Da suka kama shi ya yi ta kokawa da su, wai ɗiyarsa na ciki.

Na dawo washegari, sanyi ya riga ya kama ƙirjinsa. Na sa masa igiya a tafin hannu na ja biyu. Na sake ja. Na ce, "Baba, ga ni, ban nutse ba." Kwana huɗu ina ja. Bai amsa ba har aka ɗauke shi.

Ɗiyar nan da na tafi dominta ta tashi lafiya, ita ke riƙe da ni yanzu. Watan jiya aka tsince ni a hanyar gada da takalmi ƙafa ɗaya, ban san me na je nema ba. Sai ga ta da sabon kwaɗo daga kasuwa, na ƙofar ɗakina. Na ce, "Kada ki kulle ni. Ɗaura mini igiya, ki riƙe ɗaya bakin." Ta ce, "Haba Inna, wa zai tsare mini shago?" Igiyar yanzu ma ta roba ce, santsi gare ta, yatsuna kuma sun sandare. Kullum ina nuna mata ƙullin, tana kallo da ido ɗaya, ɗayan na kan waya.

Yau da safe na samo igiyar rama, na ƙulla wa kaina da kyar, na jefa ɗaya bakin ta ƙarƙashin ƙofa zuwa tsakar gida. Ina jin motsin ɗiyata a waje. Na ja sau biyu.