Ranar da Na Naɗa Sarkin Ruwa na Biyu

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da Ingilishi a makarantun ƙasar Anka da Gummi, ban kuwa tuna ranar da wata kalma ta gagare ni ba. Na faɗi haka ne domin mai karatu ya san cewa abin da ya auku ba ƙarancin sani ya jawo shi ba.

A shekarun da gubar dalma ta addabi ƙauyukanmu, baƙi masu aikin agaji suka yi ta zuwa. Cikinsu akwai wani mutumin ƙasar Sifaniya, dogo mai jan gemu, wanda aka turo ya kafa famfuna a wani gari na bakin gulbi a ƙasar Bukkuyum, garin da Innata ta fito. Na riga na yi ritaya, sai aka roƙe ni in zama tafintansa.

Kafin mu shiga gaida mai gari na tambaye shi muƙaminsa. Ya nuna ƙirjin rigarsa, inda aka ɗinka kalmomi uku da harshensu: JEFE DE AGUA. Ya ce ta farko "hefe" ake faɗinta, ma'anarta shugaba, ta ƙarshe kuma ruwa, sa'an nan ya juya mini su da Ingilishi: "Chief of Water." Na yi masa gyara irin na malami, na ce Bature na ainihi ba zai faɗi haka ba, jami'in ruwa zai ce. Bai musa ba. To, amma da na auna jami'i a bakina sai na ji kalma ce ta rediyo, ba ta da rawani, bai kuwa kamata a shigar da wanda ya ƙetaro teku zaure da ita ba. Saboda haka na durƙusa na ce, "Allah ya ba ka nasara, ga Sarkin Ruwa an turo muku."

Zaure ya yi tsit. Na ɗauka kwarjinin fassarata ne.

Abin da na manta shi ne, garin yana da nasa Sarkin Ruwan, yana ma zaune a hannun daman mai gari. Shi ne shugaban masu fito da masunta, tun kakansa sarautar ke gidansu, kuma taubashina ne, ɗan wan Innata. Ya kwance rawaninsa a hankali, ya ajiye gaban mai gari, ya ce, "Tunda anka aiko wani, ga kayanku." Ya fita da kai ba lulluɓi.

Mai gari ya dube ni. "Malam, tuɓe shi anka yi?"

Jimla guda ta isa ta kashe maganar. Amma cikin zauren akwai mutum uku da na taɓa koya wa karatu. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke rubuce na faɗa."

Kashegari ranar kasuwa ce, ba jirgin da ya taɓa ruwa. Masu fito suka ɗaure jiragensu, duk wanda ya zo sai su ce ya tafi wurin sabon sarki. Kafin hantsi masaukinmu ya cika. Ga Fulani mata da ƙoren nono suna son a ƙetarar da su. Ga wani da ƙayar kifi ta tsaya wa a maƙogwaro, ya buɗe baki gaban baƙon yana jira, domin cire ƙaya aikin Sarkin Ruwa ne. Baƙon ya leƙa bakin cikin ladabi, ya tambaye ni me ake nufi. Na ce masa gaisuwar ƙasar ke nan.

Sai ga masunta sun taho a fusace, gabansu wani tela da ya yi aji huɗu. Ya ƙura wa rigar ido, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku tsaya, ni na iya boko. Ja da wasali, je. Fa da wasali, fe. Jefe! Mutanensa da kansu sun rubuta a jefe shi!"

Wani cikin masuntan ya ce, "A jefe shi da mi?"

Tela ya sake dubawa. "Da agwa... da agwagwa. Wuri ne bai ishe su ba."

Na yi tsammanin za a yi dariya. Sai na ga mutum biyu sun tafi neman agwagwa.

A nan na san babu sauran maɓoya. Na tafi gidan taubashina, na same shi yana ɗinkin komar kamun kifi, kansa har yanzu a buɗe.

"A'a, bawana ne? Ka zo ka tuɓe ni daga gidan kuma?"

"Sarki, harshe ne ya zame."

"Shekara talatin kana duka 'ya'yan mutane kan zamewar harshe. A bakin gulbi za ka faɗi wagga magana, gaban kowa."

Haka aka yi. Na tsaya gaban jama'a da mai gari na ce ni ne na yi kuskure, kalmar da ban taɓa furtawa a aji ba. Taubashina ya ce in tambayi baƙon ko ya iya tuƙa jirgi. Bai iya ba. Iyo fa? Baƙon ya dubi gulbi ya ja da baya taku biyu.

"To mi ya sani na ruwa?"

"Na cikin bututu, Sarki."

"Af, ruwan da anka ɗaure!" Ya karɓi rawaninsa daga hannun mai gari, ya naɗa shi ba gaggawa, sa'an nan ya yanke hukunci: ruwa mai tafiya nasa ne, ruwa ɗaurarre na baƙo, kuma daga ranar baƙon shi ne Sarkin Famfo, a ƙarƙashinsa. Nan take ya cire wa mai ƙaya ƙayarsa, jirage suka shiga ruwa. Masu neman agwagwa suka iso a makare, sai aka miƙa wa baƙon ita a matsayin tukuicin naɗi.

Yana rungume da ita ya fito da ɗan littafinsa, ya ce in gaya masa sabon muƙaminsa da Ingilishi mai kyau, zai kai wa manyansa. Na san kalmar sarai: mai gyaran famfo ne, ba ƙari. Na dubi agwagwa, na dubi rawanin taubashina, na ce, "Rubuta: Chief of Tap."

Ya ɗaga kai. "Bature na ainihi zai faɗi haka?"

Na ce masa Bature na ainihi bai taɓa samun sarautar ba.