Ranar da Mushe Laminu ya kai 'yan ƙwallo shuka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin karin kumallo ƙanena ya bugo daga Magariya, wai Mushe Laminu ya cika bayan asuba. Kunun ma kasa ƙarasawa na yi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, shi ya kafa ekip ɗin ƙwallon garinmu a shekarun saba'in, shi yake horar da mu. Ni ne mai tsaron gida. Ƙwallonmu in ta yage shi ke ɗinke ta da hannunsa. Da na karye a yatsa, a kekensa ya ɗora ni ya kai ni wajen mai ɗori, yana tafe yana min faɗa.

Ban gama share hawaye ba na buɗe waya, sai ga abin da Sanusi, shugaban ekip na yanzu, ya rubuta. Wai Allah ya jiƙan Mushe, duk da sakacinsa ne ya hana garinmu shiga shampiyona, wato gasar ƙasa, a wancan zamani.

Mutum ko wanka ba a yi masa ba!

Haba Sanusi.

Wallahi na gaji da wannan zance. Tun muna samari ake jifan bawan Allahn nan da shi, yanzu kuma na ji haka za a sa a tarihin ekip. To ku da kuke rubutun ba kwa cikin motar. Ni ina ciki.

Shekarar mun doke kowa a yankinmu, saura wasa ɗaya a Damagaram, wanda ya ci ya shiga gasar ƙasa. Lokacin ba mu daɗe da fitowa daga fari ba. Ɗan irin geron da ya rage a kowane gida a ƙulle yake, ana hana yara taɓawa.

Ranar tafiya aka wayi gari da ruwan shuka.

Muka hau kamiyon gujiya da aka ara mana, kowa da mayonsa, wato rigar wasa, amma ba mai waƙa. Mota na tafiya, idon kowa na kan gonaki. Duk mun san danshin nan ba ya jiran mutum. Ɗan Baƙo, mai ci mana ƙwallo, ya fi kowa damuwa. Ba shi da wa ba shi da ƙane, matarsa kuma tana jego.

Mushe ya dube mu, ya bubbuga kan mota.

"Direba, juya. Gona bayan gona za mu bi. In mun yi sauri mu riski wasa."

Na ce, "Mushe, ba za mu riska ba fa."

Ya ce, "Kai dai kama sungumi, ai kai ne mai aiki da hannu."

Haka aka yi. Ina sara, 'yan gaba na zuba iri, 'yan baya na binnewa da diddige, Mushe na biye da usur a baki kamar muna fili. Na ji haushinsa ranar, ba zan ɓoye ba. Na so in ga Yamai, inda za a yi gasar ƙasa.

Ba mu riska ba. Mun isa da laka har gwiwa, arbitir, alƙalin wasa, ya riga ya ba abokan karawarmu wasa ba a buga ba. 'Yan kallo na watsewa suna mana dariya. Da muka dawo, manyan gari suka karɓe ekip daga hannunsa, bai ce uffan ba.

Wannan shirun nasa shi ya fi ƙona min rai.

Bara na je gaishe shi, yana zaune a zaure, ido ya yi rauni. Na ce, "Mushe, don Allah ka buɗe baki ka faɗa wa yaran nan abin da ya faru."

Ya yi dariya. "Har yanzu kana nan da rigimarka? Geron ya yi ko bai yi ba?"

Na ce ya yi.

"To me kuma zan faɗa?"

Shi bai faɗa ba, ni zan faɗa. Sanusi, ɗan Ɗan Baƙo, gonar babanka muka fara shukawa. Kai ne jaririn da ake jego. Kunun da mahaifiyarka ta sha da kaka ta shayar da kai, daga wannan sakacin ya fito.

Ka je ka tambaye ta, tana nan da ranta. In ka dawo ka gyara rubutunka.

Allah ya jiƙan Mushe Laminu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya gidajenmu. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. Har da kai, Sanusi.